Farashin sa hannu: yadda hana maza fita daga Yukren ya buɗe kasuwar takardu

Ranar 24 ga Fabrairun 2022, ranar da sojojin Rasha suka kutsa cikin Yukren, gwamnatin Yukren da ke Kyiv, babban birnin ƙasar, ta kafa dokar soji, ta kuma hana duk namiji mai shekara 18 zuwa 60 barin ƙasar. Kwana takwas bayan haka, ranar 4 ga Maris, Tarayyar Turai ta ɗauko wata doka da ta rubuta tun 2001 amma ba ta taɓa aiki da ita ba, dokar kariya ta wucin gadi. Da ita duk ɗan Yukren da yaƙin ya koro ya samu izinin zama da aiki da makaranta da asibiti, ba tare da ya shiga layin masu neman mafaka ba.

Kowace daga cikin dokokin nan tana da hujjarta. Ƙasar da ake neman haɗiyewa ba za ta bar mazanta su watse ba. Maƙwabtan da miliyoyin mutane suka kwararo musu cikin 'yan makonni kuwa ba su da lokacin tantance kowa ɗaya bayan ɗaya. Matsalar tana inda dokokin biyu suka haɗu. Yukren ta rufe ƙofa amma ta bar wasu kafofi, Turai kuma ba ta tambayar wanda ya iso ta wace kafa ya biyo. Saboda haka abin da ya raba namiji da izinin zama a Jamus ko Folan bai wuce takarda guda da jami'in kan iyaka zai duba ya ɗaga masa shinge ba. Duk ma'aikacin da sa hannunsa ke kan wannan takarda ya wayi gari riƙe da haja mai tsada, alhali albashinsa bai motsa ba.

Kafofin da doka ta bari

Sashe na 23 na dokar shirin yaƙi ta Yukren ya lissafa waɗanda aka ɗaga wa ƙafa daga aikin soja, ƙa'idojin tsallake iyaka kuma suka bar wasu daga cikinsu su fita: uban 'ya'ya uku ko fiye da ba su kai shekara 18 ba, uban da ke rainon 'ya'yansa shi kaɗai, mai nakasa, mai rakiyar matarsa ko iyayensa masu nakasa, da wanda likitocin soja suka ce bai cancanci ɗaukar makami ba. Jami'in kan iyaka ba likita ba ne, ba alƙali ba ne. Takarda yake dubawa. Ainihin hukuncin an riga an yanke shi a wani ofishi can cikin gari, kuma ofisoshin nan iri uku ne.

Na farko shi ne kwamitin likitocin soja da ke aiki tare da ofishin ɗaukar soja na kowace gunduma. Kafin Mayun 2024 manyan hukunce-hukuncensa uku ne: ya cancanta, ya cancanta da iyaka, ko bai cancanta ba a cire shi daga rajista. Na ukun nan shi mutanen ƙasar ke kira farin tikiti, kuma shi ne ya fi tsada domin ba ya ƙarewa. Ba mutum ɗaya ke iya haɗa shi ba. Akwai dillalin da zai kawo mai saye, akwai likitan asibiti da zai buɗe fayil ya rubuta ciwon da babu, wani lokaci har da ranakun kwanciya a gadon da mutum bai taɓa gani ba, sannan 'yan kwamiti su sa hannu, ofishin soja ya buga hatimi. Abin da ya sa gano irin wannan ke da wuya shi ne takardar ba jabu ba ce. Hatimin na gaske ne, lambar tana cikin littafi, ƙaryar tana cikin fayil ɗin asibiti da ke kwance a kabad, kuma a lokacin babu wata kwamfuta da ta haɗa asibiti da ofishin soja da kan iyaka. A ƙarshen Agustan 2023 Shugaba Volodymyr Zelensky da bakinsa ya ce ana biyan dala 3,000 zuwa 15,000 a kan irin wannan takarda, ya kuma ba da umarnin sake duba hukunce-hukuncen da kwamitocin suka yanke tun farkon yaƙin.

Na biyu shi ne hukumar tantance nakasa, gadon zamanin Tarayyar Sobiyet, wadda ke raba nakasa rukuni uku. Takardarta ta fi ta likitocin soja albarka, domin bayan ɗage aikin soja tana kawo fansho, kuma tana iya fitar da mutum biyu: mai nakasar da mai rakiyarsa. Daga nan auren bogi ya samu kasuwa. Masu bincike sun sha kama mazan da suka biya aka ɗaura musu aure da mata masu nakasa da ba su taɓa zama ɗaki ɗaya da su ba, da waɗanda aka sa sunansu a takardar haihuwar 'ya'yan wasu don lissafi ya cika uku.

Na uku tsarin kwamfuta ne mai suna Shlyakh, wanda aka tanada don direbobin manyan motoci da masu jigilar kayan agaji. A shekarun farko na yaƙin, kamfanin sufuri ko ƙungiyar agaji ce ke miƙa sunan direba, hukuma ta amince, sunan ya bayyana a allon jami'in kan iyaka, a bar mutum ya fita na wata ɗaya ko biyu. Ƙasar na buƙatar direbobin nan da gaske, domin sararin samaniyarta a rufe yake, kaya masu yawa ta mota suke shigowa. To amma kafa ƙungiyar agaji ta takarda ba shi da wuya, kuma hukuncin da ke biyo baya idan "direba" bai dawo ba sau da yawa bai wuce a toshe wa ƙungiyar hanyar shiga tsarin ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wanda ba shi da kuɗin takarda, sai kogi ko dutse. Kogin Tisa ya raba Yukren da Romaniya da Hungari, ga shi da sanyi da ƙarfin igiya. Akwai kogin Dniester ta ɓangaren Moldoba, akwai tsaunukan Karpat. Wani binciken BBC na Nuwamban 2023 ya gano cewa daga Fabrairun 2022 zuwa Agustan 2023 maza kusan 20,000 sun tsallaka ƙasashen maƙwabta ba bisa ƙa'ida ba, an kuma kama fiye da 21,000 suna ƙoƙari, kimanin 6,800 daga cikinsu da takardun da aka samu ta hanyar zamba. A Afrilun 2024 hukumar tsaron kan iyaka ta ce mutum kusan 30 sun mutu a hanya. Abin lura, tsallake iyakar shi kansa ƙaramin laifi ne a doka: tarar hryvnia (kuɗin Yukren) 3,400 zuwa 8,500, abin da bai kai dala 250 ba, ko tsarewar da ba ta wuce kwana 15 ba. Mai tsallakar da mutane don kuɗi shi ne ke fuskantar ɗaurin shekara 7 zuwa 9, wanda ya ƙi amsa kiran soja bayan an miƙa masa sammaci kuma shekara 3 zuwa 5.

Odesa, 2023

A Yunin 2023 jaridar Ukrainska Pravda ta wallafa cewa iyalin Yevhen Borisov, shugaban ofishin ɗaukar soja na yankin Odesa, sun sayi katafaren gida a Marbella da ke gaɓar tekun Sifaniya a ƙarshen 2022, kuɗinsa ya haura yuro miliyan 3, an kuma rubuta shi da sunan mahaifiyarsa. Hukumar rigakafin cin hanci ta ƙasar ta bi sawu ta ce dukiyar da ba a iya bayanin tushenta ba ta kai hryvnia miliyan 188, wajen dala miliyan 5. An kama shi a Yulin 2023 bisa tuhumar azurta kai ba bisa ƙa'ida ba, tuhumar da ya musanta.

Akwai dalilin da ya sa 'yan jarida suka riga hukuma gani. A Maris ɗin 2022 majalisa ta dakatar da wajabcin bayyana kadarori ga jami'an gwamnati, aka kuma rufe rumbun bayanan da jama'a ke dubawa, da hujjar tsaro. Ba a dawo da shi ba sai Oktoban 2023, shi ma bayan Zelensky ya ƙi sa hannu a kan sigar farko da ta nemi a ci gaba da ɓoye bayanan har shekara guda. Wato watannin da sa hannun jami'i ya fi kowane lokaci daraja su ne watannin da aka daina tambayarsa me ya mallaka. A namu ganin wannan ya fi halin kowane jami'i ɗaya bayyana abin da ya faru.

Ranar 11 ga Agustan 2023 Zelensky ya sallami dukkan shugabannin ofisoshin ɗaukar soja na yankuna a lokaci guda, ya ce an buɗe bincike 112, kuma sojojin da suka ji rauni a fagen daga ne za su maye gurbinsu bayan hukumar tsaro ta tantance su. Jama'a sun ji daɗi. Sai dai a Disambar wannan shekara babban hafsan sojin ƙasar na lokacin, Janar Valerii Zaluzhny, ya fito fili ya soki matakin, yana cewa waɗanda aka kora sun san aikin, kuma tafiyarsu ta kawo cikas ga ɗaukar sababbin sojoji. Duka maganganun biyu gaskiya ne. An canja masu riƙe da hatimi, ba a canja yadda hatimin ke aiki ba.

Khmelnytskyi, 2024

Bayan shekara guda sai abin ya ɓullo ta kafa ta biyu. A farkon Oktoban 2024 masu bincike suka shiga gidan Tetiana Krupa, shugabar hukumar tantance nakasa ta yankin Khmelnytskyi, suka ce sun samu tsabar kuɗi na ƙasashe daban-daban da suka kusa dala miliyan 6, a kabad da aljihun tebur da lungunan gida. A cewarsu, ana cikin binciken aka jefa jakunkuna biyu ɗauke da dala rabin miliyan ta taga. Krupa 'yar majalisar yanki ce a ƙarƙashin jam'iyyar shugaban ƙasa, ɗanta kuma shi ne shugaban asusun fansho na yankin. Uwa na tabbatar da nakasa, ofishin ɗa na biyan kuɗinta.

Kwanaki kaɗan bayan haka ɗan jarida Yuriy Butusov ya wallafa cewa gomman masu gabatar da ƙara na yankin suna da takardar nakasa. Ofishin babban mai gabatar da ƙara ya duba ya tabbatar da mutum 61. A nan akwai abin da rahotanni da yawa suka tsallake: mafi yawansu sun samu takardar tun kafin mamayar 2022, lokacin da babu maganar gudun aikin soja. Fansho suke nema, da kariya daga kora. Yaƙi bai ƙirƙiri wannan kasuwa ba, ya tarar da ita da dillalanta da farashinta, ya ƙara mata masu saye. Ranar 22 ga Oktoba babban mai gabatar da ƙara Andriy Kostin ya ajiye aiki, aka kuma yanke shawarar rushe hukumomin tantance nakasa baki ɗaya. Daga 1 ga Janairun 2025 aikin ya koma hannun ayarin likitocin asibiti, fayil ya koma kwamfuta, an tsara shi yadda mai nema ba zai san likitocin da za su duba shi ba kafin ranar.

Su kansu masu mulki ba su taimaki lamarin ba. Mataimakin babban mai gabatar da ƙara Oleksiy Symonenko ya rasa kujerarsa a Janairun 2023 bayan ya tafi hutun sabuwar shekara a Sifaniya, abin da ya sa aka hana jami'an gwamnati fita sai da dalilin aiki. Duk da haka a Yulin wannan shekara aka gano ɗan majalisa Yuriy Aristov a wani otal a tsibiran Maldives alhali a takarda yana hutun rashin lafiya. Wani ɗan majalisar, Andriy Odarchenko, ya sulale ya bar ƙasar a 2024 ana dab da yanke masa hukunci kan tayin cin hanci, aka yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 8 a bayan idonsa.

Fasfo ya zama makami

Da gwamnati ta ga ba za ta iya dawo da waɗanda suka fita ba, sai ta juya ga abin da ke hannunta. Dalilin rashin iyawar a bayyane yake: yarjejeniyar Turai ta 1957 kan miƙa masu laifi ta cire laifukan soja zalla daga cikinta, kuma ƙasashe irin su Ostiriya sun faɗa tun 2023 cewa ba za su miƙa kowa don gudun aikin soja ba.

A Afrilun 2024 aka rage shekarun ɗauka aikin soja daga 27 zuwa 25, aka kuma dakatar da hidimar ofisoshin jakadanci ga maza 'yan 18 zuwa 60 da ke waje. Sabuwar dokar ta fara aiki ranar 18 ga Mayu, ta bai wa kowane namiji kwana 60 ya sabunta adireshinsa da lambar wayarsa a rajistar soja, ko da kuwa yana Berlin ne. Wanda bai yi ba, tarar hryvnia 17,000 zuwa 25,500 na jiransa, kuma ba sabon fasfo. An fitar da manhajar waya don sauƙaƙa aikin, amma shiga cikinta na buƙatar tantancewa ta bankin Yukren, don haka wanda ya daɗe a waje ba shi da asusu a gida ya maƙale tun a matakin farko.

An kuma toshe wata kafa da ta shafi izinin zama kai tsaye. A da, ɗan ƙasar da ya yi rajistar cewa mazauninsa na dindindin a waje yake yana iya shigowa ya fita. Daga 1 ga Yunin 2024 aka soke wannan, har ofishin jakadancin Amurka a Kyiv ya gargaɗi masu fasfo biyu cewa in sun shiga kada su sa ran fita, domin a idon dokar Yukren su 'yan Yukren ne kawai. Sannan a ƙarshen Agustan 2025 aka sassauta ta wani gefen, aka bar 'yan 18 zuwa 22 su fita, saboda iyaye sun koma kwashe 'ya'yansu maza daga makaranta suna fitar da su kafin su cika 18. Samari suka yi ta kwarara Jamus, har a Nuwamba shugaban gwamnati Friedrich Merz ya nemi Zelensky ya tsayar da su a gida.

Abin da ake tararwa a ɗaya gefen

A 2025 mutum kimanin miliyan 4.3 ne ke ƙarƙashin kariyar wucin gadi a Tarayyar Turai, fiye da miliyan ɗaya a Jamus, kusan miliyan ɗaya a Folan. Izinin ba ya bambanta wanda ya fito da halal da wanda ya sayi farin tikiti ko ya yi iyo, amma yana da nasa tarkunan. A Folan, wanda ya bar ƙasar fiye da kwana 30 yana rasa matsayinsa da duk tallafin da ke tare da shi. Matan da ke komawa gida duba mazajensu su wannan ya fi kamawa, kuma ko ba su wuce wa'adi ba, idan jami'in kan iyaka ya rubuta dawowarsu a matsayin ziyarar kwana 90 ta marasa biza, sai sun yi ta zirga-zirga a ofis kafin a gyara. Norway kuwa tun Satumban 2024 ta daina bai wa waɗanda suka fito daga wasu yankunan yammacin Yukren kariya kai tsaye.

Ɗaliban Afirka da yaƙin ya rutsa da su, ciki har da dubban 'yan Najeriya da ke karatun likitanci a Kharkiv da Sumy da Kyiv, sun ɗanɗana wani ɓangaren wannan doka. Ta wajabta kariya ne ga baƙon da ke da izinin zama na dindindin a Yukren kuma ba zai iya komawa ƙasarsa lafiya ba. Mai izinin karatu ya dogara ga alherin kowace ƙasa. Holan ta karɓe su da farko, daga baya ta janye, suka kai ƙara. Ranar 19 ga Disambar 2024 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa ƙasa na da ikon janye kariyar da ta bayar don raɗin kanta, sai dai ba za ta ba mutum takardar kora ba muddin kariyar tasa ba ta ƙare ba. Kotun takan laƙaba wa shari'o'i sunan aro don ɓoye masu ƙara, wannan kuwa sunan da ya faɗo mata shi ne Kaduna.

Wanda ya fi kowa saurin fita

A Yulin 2025 majalisa ta zartar da dokar da ta sa hukumar yaƙi da cin hanci ta NABU da ofishin masu gabatar da ƙararrakinta ƙarƙashin babban mai gabatar da ƙara, wanda shugaban ƙasa ke naɗawa. Matasa suka fito tituna, zanga-zanga mafi girma tun fara yaƙin, Tarayyar Turai ta nuna ɓacin ranta, kafin wata ya ƙare aka mayar wa hukumomin 'yancinsu. Ranar 10 ga Nuwamba NABU ta bayyana binciken da ta daɗe tana yi a kamfanin nukiliya na Energoatom, inda ta yi zargin ana karɓar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari daga 'yan kwangila, kuɗin da suka kai dala miliyan 100, a daidai lokacin da hare-haren Rasha ke jefa birane cikin duhu. Ministoci biyu suka rasa muƙamansu, kafin ƙarshen watan shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa Andriy Yermak ya yi murabus bayan an binciki gidansa.

Mutumin da hukumar ta ce shi ne jagoran harƙallar, Timur Mindich, tsohon abokin kasuwancin Zelensky a kamfanin shirya wasannin talabijin, ya tsallake iyaka 'yan sa'o'i kafin a isa gidansa. Hukumar kan iyaka ta ce ya fita bisa ƙa'ida, babu umarnin tsayar da shi. Ya nufi Isra'ila, inda yake da takardar zama ɗan ƙasa. Tuhuma ce, kotu ce za ta tantance ta. Amma ga uban da ɗansa ke cikin ramin yaƙi a fagen daga na Donetsk, tsarin ya riga ya fito sarai: talaka ya bi kogi, mai rufin asiri ya sayi ciwo, babba kuma ya fita ta ƙofa da fasfo na biyu a aljihu. Wannan ne ya sa kowace badaƙala ke ƙara wa ofishin ɗaukar soja wahalar samun mutane, fiye da adadin waɗanda suka gudu ta cikinta.

A 2025 Tarayyar Turai ta tsawaita kariyar wucin gadi zuwa 4 ga Maris ɗin 2027, ta kuma shawarci ƙasashe su fara mayar da mutane kan izinin zama na yau da kullum, na aiki ko karatu ko iyali. Kariyar wucin gadi ba ta cikin matsayin da ke kai mutum ga izinin zama na dogon lokaci na Tarayyar bayan shekara 5, don haka kowace ƙasa ke yanka nata sharaɗin. Jamhuriyar Cek ta buɗe izini na musamman na shekara 5 ga masu samun aƙalla koruna 440,000 a shekara. Irin wannan izini yana buƙatar fasfo mai rai, fasfon babba a Yukren shekara 10 yake yi, kuma waɗanda aka buga da yawa a 2017, shekarar da aka cire wa 'yan ƙasar biza, a 2027 za su mutu. Namijin da ke son sabuntawa dole ya fara bi ta rajistar soja.